RA'AYINMU: Jinkirin Intanet Ba Laifin Malami Ba Ne

'Yan'uwa malamai, aikin da a da alli da rajista ke wadatarwa, yau ya koma kan kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan na'ura, a 2024 kuma WAEC ta fara haka ga ɗalibai masu zaman kansu. Tare da wannan sauyi wata hanyar aiki ta shigo mana: malami na zaune a Kura ko Bunkure yana sarrafa kwamfutar da ke wani ofis a birnin Kano, ko kuma mai gyara daga can ya shigo tamu ya daidaita manhajar da ta ƙi, ta Remote Desktop ko AnyDesk ko TeamViewer.

Dabara ce mai amfani, domin tana rage mana zirga-zirga a kan titin Zariya. Sai dai duk wanda ya gwada ya san takaicinta. Ka latsa, fuskar na'ura ta daskare. Ka rubuta sunan ɗalibi, haruffan su bayyana bayan ka gama. Kafin ka adana makin aji guda, layin ya yanke.

Ya kamata mu san dalili. Abin da ke tahowa ta layin hoton fuskar waccan kwamfutar ne, ana sabunta shi duk lokacin da wani abu ya motsa. Mu 'ya'yan manoman rani ne: wanda gonarsa ke ƙarshen magudanar ruwan Tiga ya san ɗan abin da ya iso ba a ɓarnatar da shi kan ciyawa. Haka layi mai rauni yake, sai a rage masa kaya.

Saboda haka, kafin a haɗa, a shiga saitin manhajar a rage girman fuska, a sauke zurfin launi daga 32 zuwa 16, a kashe hoton bango da motsin ado da sauti. A Remote Desktop akwai gurbin zaɓen saurin layi: a ɗauki mafi ƙanƙanta, a kuma bar shi yana adana hotunan da ya riga ya karɓa don kada ya sake jawo su. A rufe sauran shafuka, a dakatar da sabunta Windows, a cire duk wata waya da ke shan data tare da mu. Haɗa waya da kwamfuta ta kebul ya fi tabbas, ajiye ta kusa da taga ma yana taimakawa. Aiki mai nauyi a yi shi bayan sallar asuba, kafin jama'a su cika layi. Jerin sunaye mai tsawo kuwa, a kammala shi a kan kwamfutarmu, sannan a tura sau ɗaya. Kada kuma a ba baƙon murya lambar shiga, ko da ya ce daga ofis yake, domin bayanan ɗalibai amana ne.

Wannan shi ne namu. Amma dabara ba ta kafa turken sadarwa, ba ta kuma sayen data. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, malami kuwa daga albashinsa yake cirewa ya yi aikin gwamnati, a rage cefanen gida.

Wannan reshe na kira ga hukumomin ilimi da su sanya kuɗin data cikin kuɗin gudanar da makaranta, su yi la'akari da ƙauyuka wajen yanke wa'adi, kada kuma a ba malami takardar tuhuma kan jinkirin da ba shi ya jawo ba. Muna kuma kira ga asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don isar da sadarwa karkara, da ya waiwayi makarantun yankinmu.

Ku kuma 'yan'uwa, duk ranar da layi ya hana ku aiki, ku rubuta kwanan wata da lokaci da sunan makaranta, ku miƙa wa sakataren reshe. Da wannan hujja za mu zauna da hukuma. Allah Ya dafa mana.