Kama Da Wane Ba Ta Wane: Ƙananan Kulɓa Na Ƙasar Ostareliya

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Babu inda wannan zance ya tabbata kamar wajen masanan dabbobi na Ostareliya, gama ƙasarsu tana da kulɓa iri dabam dabam fiye da 400. Da yawa daga cikinsu ƙanana ne ƙwarai, kusan dukkansu ruwan ƙasa, suna sulɓewa cikin busassun ganye da rairayi. Alal misali, wadda ake kira Menetia greyii, wadda John Gray ya raɗa wa suna a 1845, da wuya ta wuce santimita 4 daga hanci zuwa gindin wutsiya.

To, ƙaƙa ake bambanta su? Launi ba abin dogara ba ne, don yakan sauya da shekaru da lokacin barbara, ya kuma koɗe idan an adana gawar cikin magani. Wutsiya kuwa takan gutsure ta sake tsirowa. Saboda haka masani yakan ɗauki gilashi mai ƙara girman abu ya bi alamu uku.

Da fari yakan ƙidaya yatsu. Dangin Menetia da na Carlia suna da huɗu a ƙafar gaba, biyar a ta baya. Na Morethia da Cryptoblepharus biyar biyar ne. Dangin Lerista, masu iri fiye da 90, su ne abin mamaki: wasu yatsunsu cikakku, wasu sun ragu, har akwai Lerista bipes wadda ba ta da ƙafafun gaba sam, sai na baya masu yatsu bibbiyu, tana nutso cikin rairayi kamar kifi a ruwa.

Na biyu, ido. Carlia tana ƙiftawa, fatar idonta ta ƙasa tana da wata 'yar taga garau. Menetia kuwa fatar ta manne ta zama kamar gilashi, idonta a buɗe kullum irin na maciji. Da wannan kaɗai ake raba waɗannan dangi biyu, ko da yake yatsunsu daidai suke.

Na uku, ɓawon da ya lulluɓe jiki. Akan ƙidaya layukansa kewaye da tsakiyar jiki, da na saman ido, da na ƙarƙashin yatsa ta huɗu a ƙafar baya. Da irin wannan haƙuri Glen Storr na gidan tarihi na Perth ya bayyana iri masu ɗimbin yawa kafin rasuwarsa a 1990.

Duk da haka ido yakan ruɗu. A 2007 Paul Horner na gidan tarihi na Darwin ya haɗa awon jiki da gwajin ƙwayoyin halitta, sai ga Cryptoblepharus na ƙasar, waɗanda a dā ba a lissafa su kai goma ba, sun haura 20.

Mai karatu zai iya cewa, mene ne amfanin wannan wahala? Amsa ita ce, hukuma ba ta iya kare abin da ba ta san da zamansa ba. Idan an haɗa iri biyar ƙarƙashin suna guda, huɗu na iya ƙarewa ana zaton suna nan. A Tsibirin Kirsimeti, yankin Ostareliya a Tekun Indiya, akwai wata 'yar Cryptoblepharus mai shuɗiyar wutsiya. Wani maciji baƙo daga Asiya, tare da wasu dalilai, ya shafe ta daga daji. Amma da yake an san babu irinta ko'ina a duniya, a 2009 aka fara kama ragowarta ana kiwo, har a 2019 aka saki wasu a wani tsibiri na Kokos. Da an ɗauke ta kulɓa ce kamar kowace kulɓa, da yanzu sai labari.