Daga Ina Hunturu Yake Zuwa?

Ga hunturu ya kama, kowa a Tamanrasset ya fiddo bargo da rawani. Baƙon da ya zo daga Maradi ko Katsina yakan yi mamakin yadda ake irin wannan ɗari a tsakiyar Sahara. To, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Da farko dai garin nan a kan tudu yake, kimanin mita 1,400 bisa teku, kuma sama ba gajimare, sai zafin yini ya tsere da dare. Amma ita iskar daga nesa take tasowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu, sai busasshiyar iska mai nauyi ta danne Sahara, ta kwarara daga arewa maso gabas ta nufi bakin teku. A kan hanya tana kwasar ƙura a kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wannan ita ce hazon da ke rufe Kano da Damagaram. Da damina kuwa sai ta juya, ta taso daga teku ɗauke da ruwa. Wannan juyi na shekara-shekara shi masana ke kira monsun, daga kalmar Larabci mausim, wato lokaci.

Me ya sa wani hunturun ya fi wani tsanani? A tekun Atlantika akwai wurare biyu masu aiki kamar sikeli: tsibiran Azores, inda iska ke da nauyi, da tsibirin Aisland can arewa, inda ba ta da nauyi. Wani Baturen Ingila, Gilbert Walker, shi ya bayyana wannan sikeli a shekarun 1920. Idan bambancin nauyin ya yi yawa, kamar yadda aka gani daga 1989 zuwa 1995, sai sanyin Turai ya yi sauƙi, iskar arewa ta ƙara ƙarfi a kanmu, ɗari da ƙura su ƙaru. Idan ya ragu, kamar a hunturun 2009 zuwa 2010, sai Turai ta daskare, mu kuwa mu sami sauƙi.

Sikelin nan kuma yana taɓa ƙanƙarar da ke kan teku a ƙuryar arewacin duniya. In ya yi ƙarfi, ƙanƙara takan ƙaru a tekun Labrador, ta ragu a gabashin Girinlan. Ban da haka, ɗumamar duniya tana cin ta. Tun 1979 taurarin ɗan Adam ke auna ta, kuma a Satumban 2012 ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 3.4, wajen rabin yadda aka saba gani a da. Masana suna ta muhawara kan yadda wannan narkewa za ta shafi iskokin hunturu. Har a nan kusa da mu, a kan dutsen Assekrem mai tsayin kimanin mita 2,700, akwai tashar da ke auna iska domin Hukumar Yanayi ta Duniya.

Kada dai wani ya ji ana cewa duniya na ɗumama ya ɗauka sanyi ya ƙare. Ƙanƙara ta zuba a Ain Sefra, bakin Sahara, a 1979, ta sake zuba a 2016 da 2018. Sauƙin bara ba ya nuna na bana.

Don haka, 'yan'uwa masu bin hanyar In Guezzam da Assamaka zuwa Arlit a bayan mota, a riƙi bargo da rigar sanyi kamar yadda ake riƙon ruwa. Iyaye mata kuma, don Allah kada a kwana da gawayi ko murhun gas a ɗaki a rufe. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A bar taga a ɗan buɗe, a fitar da wuta kafin a kwanta. In aka ga wani ya soma ciwon kai da jiri, a fitar da shi waje, a kira lamba 14 ta 'yan kwana-kwana. A kuma leƙa baƙin da suka sauka ba mayafi.

Allah Ya tsare mu, Ya kai mu bazara lafiya. Sai wata mai zuwa.