Ruwan Maruta Ba Ya Komawa Teku

Waƙar gajimare da mu ke karatu a wannan zango, wadda wani Bature mutumin Ingila mai suna Shelley ya yi, aka buga a 1820, waƙa ce mai daɗi, ba mu musa ba. Ya sa gajimare ya yi magana da bakinsa, ya faɗi yadda ya ke tasowa daga ruwa, ya zubo, ya sake tashi. Abin da ya dame mu yadda a ke koyar da ita. A kan sa yaro ya haddace baitoci, a zana masa dutse da teku a allo, a ce kogi ya kan mai da ruwa teku. Shi ke nan, wai an gama.

To, yaron Maruta bai taɓa ganin teku ba, ruwan da ya zuba a gonar ubansa kuwa ba can za shi ba. Asalinsa dai daga teku ne. Rana ta kan gasa Tekun Atalantika, tururi ya tashi, iskar damina ta ɗauko shi daga kudu maso yamma, ba ta iso mu sosai sai wajen watan Mayu ko Yuni. Nan yaro mai wayo zai ce, "Malam, ai hadari daga gabas ya ke taso mana." Gaskiyarsa kuwa. Laimar ce ta ke zuwa daga kudu ta ƙasa-ƙasa, iskar sama kuma ta koro hadarin daga gabas. Malamin da ya tsaya ga haddar baiti, da me zai amsa masa?

Sa'an nan ruwan ƙasar Gwaram ya kan gangara Kogin Bunga, wanda ya taso daga duwatsun Jos. A gaba a kan kira shi Kogin Jama'are, ya gamu da na Haɗeja, su zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Da yawansa ba ya ma isa, fadamun Haɗeja da Nguru su kan shanye, rana ta kwashe saura. Shi tafkin kuwa ba shi da mafita zuwa teku, ruwansa sai dai ya tashi sama ko ya nutse ƙasa. Farin 1973 da na 1984 sun janye shi ƙwarai, ambaliyar 2022 kuma ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa. Waɗannan duka babi ne na labarin da waƙar ta ke bayarwa, amma ba su cikin zanen allo.

Mu da za mu fita karantarwa, kada mu bar yaro ya ɗauka ilmin makaranta labarin ƙasar wasu ne. Mu karanta waƙar, mu fassara ta, sa'an nan da rani mu kai yara bakin kogi su ga yadda a ke tona yashi a sami ruwa. Da damina a ajiye gwangwani a fili, kowace safiya a auna abin da ya taru a rubuta. In marka ta kama cikin Agusta, a ce kowa ya tsara tasa waƙar da Hausa, ya sa yayyafi da ƙanƙara da raɓa, ya bi ruwan tun daga indararon gidansu har Chadi.