Dillalai biyu, gida ɗaya: wane tayi ke isa kunnen mai gida?

A Yamai da Maradi, cinikin gida kan bi ta hannun dillalai biyu, na mai saye da na mai sayarwa. A tsakaninsu kuɗi ke ɓata. Ka taya miliyan 12 na sefa, a faɗa wa mai gida 10. In ya sallama, su raba biyun, ga la'ada kuma. Shi ya sa ba sa son ku haɗu.

Kada a ba da kafin alƙalami sai an zauna da mai gida, ya ji tayin da kunnensa, an ga sunansa a takardar mallaka. In gidan gado ne, a nemi yardar dukkan magada. Biya kuwa a ofishin noter, a rubuce, har da wanda zai ba kowane dillali la'adarsa.