Ƙofa a Kulle, Mabuɗi a Jikin Kwaɗo

Akwai manhajoji irin su VirtualBox da VMware waɗanda ke ba kwamfuta ɗaya damar saukar da wata kwamfutar a cikinta, tamkar baƙo da mai masaukinsa. Masana ilmin halittu suna amfani da wannan dabara ƙwarai, domin yawancin manhajojin nazarin ƙwayoyin gado a kan Linux suke aiki. A cikin baƙuwar nan kuwa akan ajiye abin da bai kamata kowa ya gani ba, kamar sakamakon gwajin jinin masu sikila, ko tambayoyin jarrabawa.

Tun shekarar 2015 VirtualBox take iya mayar da fayilolin baƙuwa rubutun sirri, wanda ba ya karantuwa sai da mabuɗinsa. To, amma muddin baƙuwar tana aiki, mabuɗin yana zaune cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan malami ya kulle fuskar na'urarsa ya tafi aji, labule kawai ya saki, mabuɗin yana nan inda yake. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun nuna cewa ƙwaƙwalwar takan riƙe abin da ke cikinta na ɗan lokaci bayan an ɗauke wuta, musamman idan an sanyaya ta, har suka zaro irin waɗannan mabuɗai daga ciki.

A ganina, wajibi ne masu ƙera manhajojin nan su haɗa kulli biyun wuri guda, ta yadda da an kulle fuska, mabuɗin zai goge. Wannan ba gagara-badau ba ne. Wayar iPhone tana watsar da mabuɗin fayilolin da aka fi tsarewa jim kaɗan bayan an kulle ta. Ita ma VirtualBox tana da umarnin goge kalmar sirri idan an dakatar da baƙuwa, sai dai mutum ne zai nemo shi da kansa.

Wani zai ce ai akwai lissafin da ke kwana yana gudana, kuma goge mabuɗi zai tsayar da shi. Gaskiya ne. Mai irin wannan aiki a bar masa zaɓi ya buɗe da saninsa, amma tsaro shi ne ya kamata ya zo da manhaja tun daga masana'anta.

Kafin a kai ga haka, ɗalibai da malamai, duk wanda zai bar kwamfutar da ke ɗauke da amanar jama'a, ya kashe baƙuwar gaba ɗaya. Ɓata minti biyu wajen sake kunnawa ya fi sauƙi bisa ga tonuwar asirin majiyyaci.