Wata Uku na Rufe Ruwa a Lagdo: Amana Ce a Wuyanmu



Kowace shekara, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, hukumar kula da kiwo da kamun kifi ta Kamaru takan rufe su a tabkin Lagdo. Kowace shekara kuma sai a ji gunaguni a bakin ruwa da rumfunan banda, har wasu su jira dare ya tsala su tura kwalekwale a ɓoye. Ra'ayina shi ne, Hausawan da ke ci daga wannan ruwa su ne ya fi cancanta su riga kowa tsare wannan doka, kuma ga dalilaina.

Tabkin nan bai tsufa ba. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, tsakanin 1977 da 1982, injiniyoyin ƙasar Sin suka datse kogin Binuwai a kudu da Garwa, domin samar da lantarki da noman rani. Ruwa ya taru ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 500, ya haɗiye gonaki da dazuka, kifi ya sami abinci ya hayayyafa. Hakan ya zo daidai da shekarun da fari ya janye tabkin Cadi, sai masunta suka kwararo: Musgum da Kotoko daga arewa, Hausawa daga Najeriya, har da mutanen Mali. Dattawan da suka ga wancan lokaci suna ba da labarin giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama kafin a ɗora ta kan teburin fawa. Yau wanda ya zagaya kasuwa zai ga abin da ya fi cika tire shi ne 'yan karfasa da ba su kai tafin hannu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Jirage sun yi yawa, idon raga ya tsuke, ana jan taru a bakin gaɓa yana kwashe uwa da 'ya'ya, har gidan sauro da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya zama koma a hannun wasu. Noma a gefen ruwa da sare itace don banda suna tura yashi da laka cikin tabkin. Damina kuwa ita ce lokacin haihuwar kifi. Idan ruwa ya hau ya shiga ciyayi, tarwaɗa takan bi shi ta zuba ƙwai, bargi ya yi sheƙarsa da ciyawa a ruwa marar zurfi, karfasa kuma ta riƙe ƙwayayenta a baki har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama karfasa guda a watan Agusta ya kashe ɗaruruwa tare da ita.

Masu cewa wannan doka baƙon abu ne da aka ƙirƙiro a ofisoshin Yawunde su waiwayi tarihin Kabi. A Argungu, gurbin Matan Fada yakan kwana a rufe shekara guda ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe shi, shi ya sa ake fito da kifin da duniya ke zuwa kallo tun 1934. Kakanninmu sun san fashin ruwa, wanda ke nufin akwai lokacin da ruwa yake a rufe kafin a fasa shi. Al'adarmu ce ta dawo mana da hatimin gwamnati.

Ta fuskar addini, malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa abin ruwa halal ne ko ba a yanka ba. Halaccin kifi kuwa bai halatta kowace hanyar kama shi ba. Zuba guba a ruwan da jama'a da dabbobi ke sha ɓarna ce a bayan ƙasa. Kwashe 'ya'yan kifi a zubar da rabinsu a kan yashi almubazzaranci ne. Ruwa na tarayya ne, wanda ya cinye rabon baɗi ya ci haƙƙin wanda bai ba shi izini ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye. Mu tsiraru ne a nan, amma hannunmu na da yawa a fataucin kifi, daga bakin tabki zuwa kasuwannin Garwa da Yola. Fatake ne ke ba masunci bashin raga da man inji, su ne kuma ke sayen abin da ya kamo. In ba mai saye, ba mai fita da dare. Ranar da kifi ya ƙare aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi, wanda ake yi wa kallon baƙo za a fara nunawa da yatsa, ko da an haifi kakansa a Garwa.

Na san hujjar masunci, kuma tana da nauyi. Watannin rufe ruwa su ne watannin da hatsi ya fi tsada, ga kuɗin makarantar yara a Satumba, ga mai bashi a ƙofar gida. Ba a yi wa mai yunwa wa'azi hannu sake. Don haka nauyin yana kan masu hali. Fatake su jinkirta karɓar bashi har a buɗe ruwa, su kuma yi ittifaƙi a gaban shugabanninmu cewa ba za su sayi kifin sata ko ƙananan kifi ba. Masunta su kafa adashi tun watannin rani da ake samu, a sayi buhunan masara da dawa a ajiye lokacin kaka, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Limamai su sa batun cikin huɗubar ƙarshen Yuni. Hukuma kuma ta yi adalci wajen sintiri, kada a ƙwace ragar talaka a kau da kai daga tarun mai kuɗi, domin dokar da ake saye da jaka biyar ba wanda zai girmama ta.

Wata uku na haƙuri su ne farashin sauran wata tara. Mu biya shi da kanmu tun kafin tabkin ya rufe mana ƙofa da kansa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sanya albarka a ruwanmu da kasuwanninmu. Wassalam.