Wanda Ya Tura Labari Ya Zama Mai Ruwaya

Ƴan uwana Musulmi, yau ina so mu yi magana a kan masu ɗimbin mabiya a TikTok da Facebook, waɗanda muryarsu ke shiga gidajenmu fiye da muryar liman.

Ku dubi kasuwar dabbobi ta Dakoro. Baƙo ba ya sayar da saniya sai ta hannun dillali, domin dillali sananne ne, an san gidansa da danginsa. Idan saniyar ta fito ta sata, shi ake nema. Shi ya sa yake tauna magana kafin ya faɗe ta. To, mai tallan maganin da wai yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, idan mahaifiyarka ta bar maganin likita saboda shi, ina za ka same shi? An biya shi kuɗin talla, ya goge bidiyon, ya koma wani.

Malaman hadisi sun warware mana wannan tun ƙarnonin farko. Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, da Imamu Muslim, wanda ya rasu a 261, ba su karɓi ruwaya don mai ita ya yi suna ba. Abu biyu suke dubawa: adalcin mutum, wato gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, sai kuma kiyayewarsa ga abin da ya ji. Yawan masu sauraro bai taɓa shiga ma'aunin ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya kawo labari, don kada mu cuci wasu bisa jahilci mu dawo muna nadama.

Wannan nadama mun san ta a jihar Maraɗi. A Toda, cikin 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, alhali babu salula a hannun kowa. Mu da muke zaune inda gona ta haɗu da makiyaya, ku auna abin da saƙon murya ɗaya zai iya haddasawa lokacin kaka, idan wani mai neman mabiya ya ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa ya ce a ƙauyenmu ne.

Hukuma tana nata. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara bisa ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A nan Nijar, cikin Yunin 2024, an maido da hukuncin ɗauri kan ɓatanci da zagi ta intanet. Amma kotu mutum ɗaya ko biyu take kamawa, kuma talakan da aka zubar wa mutunci sau da yawa ba ya kai ƙara. Dubban da suka yaɗa kuwa, hisabinsu yana gaban Allah.

Saboda haka kafin ka tura saƙo, tambayi kanka: wane ne mai maganar, an san sunansa da garinsa? Daga ina ya ji? Biyansa aka yi? Ya taɓa fitowa ya janye kuskurensa? In ba ka da amsa, bari saƙon ya mutu a wayarka.

Ku kuma ƴaƴanmu masu mabiya, ba mu ce ku daina ba. Ku bayyana in talla kuke yi. In kun kuskure, ku gyara a inda kuka yi kuskuren, da irin ƙarfin muryar da kuka yi shi. In kun ci mutuncin wani, ku nemi yafiyarsa tun yana raye, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu. Wassalamu alaikum.